Yadda Ake Gano Musabbabin Wahalar Haɗiya

Tambaya ta farko ga mai ciwon: a ina lomar ke tsayawa?

Idan tun a maƙogwaro take ƙin wucewa, mutum na ƙwarewa, yana tari, ruwa na fita ta hanci ko muryarsa ta dishe bayan kurɓa, to yawanci jijiyoyi ne. Shanyewar ɓarin jiki ce kan gaba, sai cutar karkarwa ta Parkinson. Haɗarin a nan shi ne abinci ya zarce huhu ya haifar da ciwon nimoniya. Don haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye kada a ɗura masa koko kafin ma'aikacin lafiya ya gwada shi yana zaune a miƙe, da ƙaramin cokali na ruwa, kimanin mililita 5.

Idan kuwa lomar ta wuce, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi ta tokare a ƙirji, matsalar tana bututun da ke kai abinci ciki, mai tsawon kusan santimita 25. Nan sai tambaya ta biyu: tuwo da nama kaɗai ke tsayawa, ko har da ruwa? Tuwo ya tsaya, kunu ya wuce, hanya ce ta ƙuntata. Daɗaɗɗen ƙwannafi kan bar tabo haka. Yaron da ya sha ruwan sodar haɗa sabulu kan fara kasa haɗiya makonni bayan an ɗauka ya warke. Babban maƙoƙo ma kan danne hanyar daga waje. Amma dattijon da abin ke ƙaruwa masa cikin watanni kaɗan, ga rama, a fara binciken ciwon daji. In tuwo da ruwa suka tsaya tare tun farko, galibi ƙofar ciki ce ba ta saki. Zafi wurin haɗiya da farin abu kamar kindirmo a harshe yana buƙatar gwajin cutar ƙanjamau da ciwon suga.

Zuwa wurin wanzami a yanke beli ba ya magance ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zubar jini da ɓata lokaci kawai.

A asibiti ana zura siririyar kyamara ta baki bayan awa 6 ba ci, a ga wurin, a ɗebi tsoka don gwaji. Ko a sha farin ruwan bariyom, wanda ke fito da bututun a hoton X-ray, a ɗauki hoto. Wanda yawu ma ya gagare shi haɗiya, ko yake aman jini, a kai shi a ranar.