Kurakuran da aka fi yi idan kasuwannin hannun jari na duniya suka rikito

Daren 16 ga Maris 2020, bayan sallar isha'i, ina zaune a bakin gado da waya a hannu, duk hannun jarin da na saya ya koma ja. A wannan rana kaɗai ma'aunin Dow Jones, mai nuna hawa da saukar farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya zube da kusan kashi 13 cikin ɗari. Cikina ya ɗuri ruwa, na sayar da rabin abin da nake da shi. Ranar 23 ga Maris faɗuwar ta tsaya, washegari Dow ya ɗaga da sama da kashi 11, kafin Agusta ya ƙare kuma ma'aunin S&P 500 ya wuce inda korona ta same shi. Asarar da ke rubuce a waya kawai, ni na tabbatar da ita da yatsana.

Kuskuren farko ke nan, sayarwa cikin firgici. Gyaransa tun kasuwa na lafiya ake yi. Ka rubuta dalilin da ya sa ka sayi kowane kamfani. Ranar da aka shiga ruɗani, ɗauko takardar ka tambayi kanka: kamfanin ne ya lalace, ko farashi ne kawai ya sauka? In farashi ne, ajiye wayar, ka kwana uku kafin ka taɓa komai.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shiga kasuwa da kuɗin da ba za su iya jira ba. Mai haƙuri ma, in bashi na wuyansa, dole za ta sa ya sayar a ranar da farashi ya fi muni. Mun gani a gida. A Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura 66,000, bankuna na ba mutane rance su sayi hannun jari, har da na bankin da ya ba su rancen. Kafin shekara ta zagayo kusan kashi biyu cikin uku na darajar kasuwar ya narke, bashin kuwa na nan daram, kuɗin ruwa na hawa. Ɓarnar ta kai ga bankunan kansu, har a Agusta 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Don Allah, kuɗin makarantar yara, kuɗin haya, na kayan ɗakin 'yarka ko na kujerar Makka, kada su shiga nan. Ka fara ware abin da zai riƙe gida wata shida, sannan ka zuba abin da ba za ka nema ba nan da shekara biyar.

Akwai kuma masu cewa kaya ya yi araha, su juye komai a rana ɗaya. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi hannun jarin Lehman Brothers, babban bankin zuba jari na Amurka, don ya ga farashinsa ya karye, a 15 ga Satumba 2008 ya wayi gari kamfanin ya durƙushe. Ma'aunin Nikkei na Japan sai a Fabrairu 2024 ya koma matsayin da ya kai a ƙarshen 1989. Ka riƙa saye kaɗan-kaɗan duk wata, ka rarraba a kamfanoni da ƙasashe daban-daban, wani kaso kuma ya zauna a abin da bai cika tangal-tangal ba, kamar sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017.

A irin wannan lokaci ne kuma 'yan damfara ke cika WhatsApp da alkawarin mayar maka da asararka cikin wata guda. Kafin ka tura ko naira ɗaya, shiga shafin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka duba ko dillalin na da rajista. In ba ka ga sunansa ba, toshe lambar.