Yadda za a kafa filin bolin irin na da, ba inji ba lantarki

Bolin wasa ne da ake gangara ƙwallo a kan dogon daɓe don zubar da kwalaben da aka jera a ƙarshensa. Wanda ake gani a Abuja, inji ne ke jera masa kwalabe. A farkon ƙarni na 20 babu wannan inji. Tun da aka kafa ƙungiyar American Bowling Congress a birnin New York a 1895 ta daidaita dokoki, har zuwa shekarun 1950, yara ne ke zama a ƙarshen layi suna tayar da kwalaben katako da hannu, su gangaro wa mai wasa ƙwallonsa. Wannan tsohon tsari shi ya fi dacewa da makaranta ko cibiyar matasa a Gusau ko Birnin Kebbi, inda wuta ba ta da tabbas.

A fara da daɓe. Daga layin jifa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, faɗi inci 41 da rabi, sai ƙafa 15 a bayan layi don ɗaukar gudu. Mutanen da suna shimfiɗa katako su shafe shi da shalak, wani man sa katako sheƙi, amma a nan siminti mai laushi ya fi, domin hunturu na buɗe bakin katako, gara kuma ba ta barinsa. Birkila ya yi aiki da ma'aunin ruwa ta tsawo da ta faɗi. In daɓen ya karkata ko da kaɗan ne, kowane ƙwallo gefe guda zai riƙa zamewa, kuma gyaransa sai an fasa. A bar kwata a kowane gefe, a jingina buhunan yashi ko tsohuwar katifa a baya.

Kwalabe goma ne, kowace tsawonta inci 15, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Ana jera su ɗaya, biyu, uku, huɗu, da tazarar inci 12 daga tsakiyar wata zuwa tsakiyar wata, wato kusan inci 10 da rabi tsakanin sahu da sahu. A ɗiga fenti a gurbin kowace. Kafinta ya yi su da busasshen maɗaci, ɗanye yana tsagewa. A auna su a sikeli, don in wata ta fi wata nauyi, ita kullum za ta rage a tsaye.

Ƙwallo kuwa, kafin na roba ya fito a 1905, da itace mai tsananin tauri ake yinsa. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, za ta yi. Kaurinsa inci 8 da rabi, kada nauyi ya wuce kilo 7 da kwata. Ramuka biyu sun isa, na babban yatsa da na tsakiya, kamar yadda aka fi yi a lokacin. A goge bakin ramin sosai, in ba haka ba zai ɗaye fata.

Wasa zango goma ne, jifa biyu a kowane zango. Wanda ya zubar da goma a jifa ɗaya yana da goma, a ƙara masa abin da ya samu a jifa biyu na gaba. In sai da na biyu ya share su, jifa ɗaya ake ƙara masa. Maki mafi yawa 300 ne.

Mai jera kwalabe shi ya fi shiga haɗari, kwalba na iya tashi ta same shi a ƙauri. A gina masa dakali mai tsayi a gefe, kada kowa ya yi jifa sai ya hau ya ɗaga hannu. A share ƙura kafin kowane wasa, tana rage wa ƙwallo gudu. Kuma kada a bari a sa kuɗi: caca ce ta sa jihar Connecticut ta Amurka ta haramta bolin mai kwalabe tara a 1841.