Babi na 6: Lambun Rani da Tulu

Darasi na 1: Zaɓen tulu

To jama'a, wannan babin na mai ɗan fili ne a bayan ɗaki ko gefen rijiya, wanda ruwansa na saye ne a hannun 'yan garuwa ko sai ya ja guga. Daga Nuwamba har zuwa Mayu ba ruwan sama, amma kullum sai an ɗora miya. Abin da za mu koya shi ne mu binne tulu a ƙasa, mu dasa kayan miya a gefensa, tulun ne zai riƙa shayar da su a hankali. Ba sabon abu ba ne, mutanen Sin sun rubuta wannan dabarar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a Maroko da Sifen inda lokacin zafinsu ba a yin ruwan sama, har yanzu ana yi.

Kun san yadda randa take gumi ta baya, ka taɓa ka ji sanyi da danshi? To wannan gumin shi ne duk sirrin. In tulu yana cikin ƙasa, busasshiyar ƙasar ce take tsotsar gumin, in ta jiƙa sai ya rage fita da kansa.

Don haka tulun laka za ku saya, gasasshe, irin na kasuwar ƙauye, mai ƙaramin baki. Ba mai fenti ba, ba wanda aka shafe da siminti ba, roba kuwa ko kusa. Kafin ku binne ku gwada shi. Ku cika shi da ruwa da yamma, ku ajiye a inuwa, da safe ku shafa bayansa. In da danshi, ya yi. In a bushe yake ƙamas, wannan na ajiyar ruwan sha ne, ku bar shi a ɗaki. In kuma kun tarar ruwa ya kwanta a ƙasa tulun ya kusa ƙarewa, to yana da tsaga, ku canja.

Darasi na 2: Binnewa

Ku haƙa rami wanda ya fi tulun faɗi da taƙi biyu ta kowane gefe. Taƙi shi ne daga babban yatsa zuwa na tsakiya in kun buɗe hannu. Ƙasar da kuka fitar kada ku zubar, ku farfasa ta, ku cire duwatsu da leda, ku gauraya da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, kwano 1 na taki a kwano 3 na ƙasa. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi ba ya wari, ɗanyen taki ƙona saiwa yake.

Ku sa tulu a tsakiya a tsaye, ku mai da ƙasa kuna dannawa da hannu har ta manne da jikinsa, kar ku bar gurbi. Wuyansa kaɗai zai fito waje, kamar yatsa 3. Ku cika shi da ruwa, ku rufe baki da fasasshen kasko ko tsohon murfin kwano, ku ɗora dutse, saboda sauro da ƙadangare da yara. Washegari ku dasa tumatir ko tattasai guda 3 ko 4 kewaye da shi, kowanne taƙi 1 daga jikin tulun.

Darasi na 3: Inda ake zuba ruwa

Nan ne wajen. Inna, Baba, ku gyara zama, wanda ya iya wannan darasin ya gama babin.

Ruwa a cikin tulu ake zubawa, ba a kan ƙasa ba.

Ku sake karantawa da ƙarfi, ku bi da yatsa: a cikin tulu, ba a kan ƙasa ba. Madalla. Wanda bai iya karanta shi duka ba kada ya damu, ya riƙe kalma ɗaya, ciki.

Sati na farko kaɗai ne daban. Dashe sabo ne, saiwarsa ba ta kai ga tulu ba, to safe da yamma ku ba kowanne ruwa rabin gwangwanin madara a gindinsa. Da ya miƙe ya fara sabon ganye, shikenan, ku daina. Daga ranar sai cikin tulu.

Na san abin da zai faru, don na sha gani. Za ku fito da hantsi ku ga saman ƙasa fari fat a bushe, zuciya ta ce kai shukar nan za ta mutu, sai hannu ya kai ga bokiti. Ku dakata. Saman ƙasa dama bushewa zai yi, haka ake so. Ku tona da yatsa kusa da tulu, ku zurfafa har yatsan ya shige duka, za ku ji sanyi. Ruwan yana can ƙasa inda saiwa take, kuma nan da 'yan makonni saiwar za ta je ta nannaɗe jikin tulun da kanta tana sha.

In kuka watsa a sama me zai faru? Rana da iskar hunturu su kwashe mafi yawa kafin azahar, ciyawa ta tsiro ko'ina, saiwa kuma ta ƙi gangarawa ta tsaya a sama tana jiran bokiti, ranar da kuka tafi biki ko ta'aziyya kwana biyu sai ku dawo ku tarar da ita a kwance. Kun ga an yi asarar ruwa an yi ta shuka. To ina ake zubawa? A cikin tulu.

Haka kuma da azahar ganye zai yi laushi ya sunkuyar da kai, musamman lokacin bazara. Ba ƙishi ba ne dole, zafi ne, ku duba shi bayan magariba ko da asuba za ku ga ya miƙe. In da safe ma yana nan a langaɓe, ɗaga murfi za ku yi ku leƙa tulun, wataƙila ya ƙafe. Ku cika shi, ku mai da murfi. Kada ku jira ya ƙafe ma, da ruwa ya sauko rabi ku ƙara. Da sanyi yakan kai kwana 3 ko 4, da zafi sai kun riƙa leƙawa kullum.

Amma fa gaskiya wasunku kuna ba ni mamaki. Na zaga gidaje na ga tulu a binne, bakinsa a buɗe, ciki ba ko ɗigo sai busasshen ganye, ƙasar kewaye kuwa caɓal da ruwa. Wata baiwar Allah ta ce min wai tausayin shukar take ji. Haba Hajiya! To me ya sa kika kashe kuɗinki kika sayi tulun? Wani kuma ya ce yaro ne ya zuba. Yaron wa ya nuna masa? Ku kira duk wanda yake taɓa bokiti a gidan, ku kama hannunsa ku kai shi bakin tulun ku ce nan. Ba faɗa nake ba, jarkar ruwa ba kyauta ake ba ku ba. A cikin tulu, don Allah.

Ruwan ma mai kyau za ku sa. Na alwala in kun tara a bokiti ya yi. Na sabulu da na wanke-wanke da mai laka toshe jikin tulu suke, gumin ya tsaya. Taki ma ba a zuba shi ciki.

Darasi na 4: Rufe ƙasa

Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko karmami kewaye da shuka, kauri kamar yatsa 3, kada ya taɓa karan shukar. Yana hana rana shan danshin. In gara ta zo ta ci, ku ƙara wani. Ku yi shinge saboda awaki da kaji.

Darasi na 5: Abin shukawa

Tumatir da tattasai da attarugu ku dasa su da sanyi, wajen Nuwamba ko Disamba, in zafi ya shigo furen tumatir zubewa yake. Kuɓewa da yakuwa sun fi jure zafi. Kankana ko kabewa guda 2 sun ishi tulu ɗaya.

Darasi na 6: In damina ta zo

Ku tone tulu, ku wanke shi da tsumma ko soso ba sabulu, ku kife a ɗaki.

Aikin gida: ku rubuta a littafinku sau 5, "Ruwa a cikin tulu." Ku zo da shi ranar Asabar.