Yadda za ka yanke hukunci a cikin yadi 18 idan usur na hannunka

Duk wanda ya taɓa riƙe usur ya san cewa rigimar ƙwallo rabinta a cikin sha takwas take, to abu na farko da nake so ka riƙe, kai sabon alƙalin wasa, shi ne ka duba inda aka taɓa ɗan wasa, ka manta da inda ya faɗi. Mutum na gudu za a taɗe shi taku ɗaya kafin layi, ƙarfin gudun ya kwashe shi ya zube kusa da gola, ƴan kallo su ɗauki ihu fanareti fanareti, alhali firikik ne a waje. Amma idan ƙafar mai tsaron baya ta same shi a kan farin layin nan, wannan fanareti ne ba tantama, domin layin ma cikin akwatin yake. Riƙon riga ne kawai ya bambanta, in an fara jan mutum daga waje aka ci gaba da jan har ciki, doka ta ce ka nuna ɗigon nan na mita 11, wato fanareti.

Shi akwatin mita 16.5 ne daga kowane turke, haka nan mita 16.5 zuwa cikin fili, shi ne yadi 18 ɗin. Rabin da'irar da ke bakinsa ba ta cikinsa, aikinta kawai ta nesanta sauran ƴan wasa mita 9.15 daga ƙwallo lokacin bugu, laifi a wurin firikik ne.

Sai maganar kati, nan ne nake ganin ana yawan zaluntar yara wallahi. Tun 2016 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta sassauta, in mai tsaron baya ya je da niyyar cire ƙwallo ya kuskure ya kwashe ƙafar wanda ke dab da ci, ka ba da fanareti da yalo, shi ke nan, kar ka haɗa masa zafi biyu. Jan kati na wanda ya ja riga ne, ko ya tura, ko ya riƙe, ko ya kai hari alhali ba yadda za a yi ya samu ƙwallon. Wanda kuma ya sa hannu da gangan ya tare ƙwallon da za ta shiga raga, irin abin da Luis Suarez ya yi wa Ghana a gasar cin kofin duniya ta 2010, wannan ja ne kai tsaye da fanareti, kuma ko da ƙwallon saura kiris ta shiga ba ka da ikon ba da ci, Asamoah Gyan na Ghana ya buga fanaretin ta daki ƙarfen sama, haka aka haƙura.

Gola kuwa ba ya jawo fanareti don ya taɓa ƙwallo da hannunsa a cikin akwatinsa. In ɗan ƙungiyarsu ya mayar masa da ƙafa da gangan ya kama, firikik ne wanda sai wani ya taɓa kafin a ci, ka ɗaga hannunka sama ka bar shi a ɗage don kowa ya gane. In ya rungume ƙwallo ya wuce daƙiƙa 8, a dokar da ta fara aiki a 2025 kwana za ka ba abokan hamayya, biyar ɗin ƙarshe ka ƙirga masa da yatsu yana gani.

Lokacin bugun kansa kar ka yi garaje. Ka tabbatar kowa ya san mai bugawa, sauran duk suna wajen akwati da bayan ƙwallo, ka je ka gaya wa gola da bakinka cewa ko da ƙafa ɗaya ce ta kasance a kan layi ko saitinsa ko bayansa har sai an buga. In ya fito da wuri ya kaɗe ƙwallon a sake, in ta shiga duk da haka ci ne. Mai bugawa yana iya yin ɗan tsai-tsai a cikin gudunsa, wannan babu laifi, amma in ya iso kan ƙwallo ya ɗaga ƙafa kamar zai buga ya fasa don gola ya faɗi, ka busa, ka ba shi yalo, ka ba ɗaya ɓangaren firikik ko da ta shiga. Haka in ta daki turke ta dawo masa ba wanda ya taɓa, ba shi da damar sake bugawa, in kuwa daga hannun gola ta dawo to ya ci abinsa.