Yadda ake hawa da kayan injin iska kan tsauni ba tare da tirela ta maƙale a kwana ba

Idan aka ba ka aikin kai kayan injin lantarki mai aiki da iska zuwa kan wani tsauni can nesa da gari, kar ka fara da neman tirela, fara da taka hanyar da ƙafarka, kuma daga sama zaka faro ka gangaro ƙasa har inda kwalta ta ƙare, saboda kilomita ɗari biyar na babban titi basu kai kwanar hanya ɗaya tak ta gefen dutse wahala ba. A wannan harkar hanya ce ke zaɓen injin da za a saya, in ka bari aka riga aka yi oda sannan ka je duba hanya to ka shiga uku.

Bari mu fara da sanin me ake ɗauka. Kowane inji ɗaya akwai fukafukai 3, waɗanda wasu ke ce ma farfela, sai hasumiyar ƙarfe da ake yankawa gida 3 zuwa 5, sai ɗakin injin da ke zama can ƙololuwa mai ɗauke da janareto da giyabos, sai cibiyar da ake ɗaura fukafukan a jikinta. Kenan inji ɗaya kusan lodi 10 ne na fitar hankali. Kowanne da irin rigimarsa. Fiffike ba shi da nauyi sosai in ka duba girmansa, tan 15 zuwa 30 ne yawanci tunda da zaren gilashi da danƙo ake yinsa, amma tsawo fa, na zamanin nan mita 60, 70 har 80, ka tuna filin ƙwallo mita 105 ne. Ɗakin inji gajere ne amma yana iya kai tan 70 zuwa sama da 100, shi yasa sau da yawa ake cire kayan cikinsa a ɗauko daban. Hasumiya kuma matsalarta kauri, gindinta ana tsayar da faɗinsa wajen mita 4 da rabi, ba don injiniyoyi basu iya yin wanda ya fi haka ba, sai don in ya wuce haka bazai shige ƙarƙashin gadar sama ba.

To yanzu binciken hanya. Ka shiga mota da mai awo da kuma direban da zai ja kayan, shi direban nan kar ka barshi a baya wallahi, idonsa na ganin abin da kwamfuta bata gani. Duk gada ka rubuta tsayinta da nauyin da take ɗauka, duk kwalbati, duk shataletale, duk falwaya da wayar da ta gitta titi, bishiyoyi, allunan hanya, katangar mutane da ke bakin kwana. Daga nan sai a zana hanyar a kwamfuta a ɗora hoton tirelar da kayan a kai aga filin da zata share in tana juyawa.

Nan ne mutane ke yin kuskure, suna duba inda taya zata taka kawai. Abu uku ne ke faruwa a kwana lokaci guda. Kan motar na bin gefen waje, tsakiyar fiffiken na yanko ta cikin kwanar yana shawagi a sama da gona ko rami ko dutsen da ke gefen, sannan wutsiyarsa wadda ta zarce tayoyin baya da mita goma ko fiye tana yin wurgi ta waje kamar bulala. Kaga kenan ciki kana buƙatar sarari ko da babu titi a wurin, waje ma haka, in ramin kwari ne a cikin kwanar ka ci sa'a domin fiffiken zai bi ta samansa, in kuwa bangon dutse ne sai an fasa. Sannan akwai tudu da kwari a jikin hanyar ita kanta, doguwar tirela in ta hau ɗan tozo sai cikinta ya zauna a ƙasa tayoyin gaba da na baya suna neman rataya, in kuma ta faɗa kwari sai wutsiyar fiffiken ta daki ƙasa. Ƙaramin tozon da motar gida ko jinsa bata yi shi ke tsayar da ayari yini guda.

Bayan zanen kwamfuta kar ka yarda haka nan, a yi gwaji. A buɗe tirelar iya tsawonta ba kaya, a ɗaura mata sanda ko firam mai sauƙi a baya daidai tsawon wutsiyar fiffiken, a bi hanyar tun daga farko har sama. Duk abin da sandar nan ta taɓa, fiffike na gaske zai taɓa, kuma gara sanda ta karye.

Hanyar tsaunin galibi kai zaka gina ta ko ka faɗaɗa. Inda take miƙe ana son faɗin mita 4 da rabi zuwa 5 na wurin takawa mai ƙarfi, a kwana kuma ya ƙaru sosai. Hawa kuma, kamfanonin da ke ƙera injinan kowanne na da littafinsa na ƙa'idar hanya, ka karɓa ka bi shi layi layi domin in wani abu ya faru inshora shi zasu buɗe, amma a taƙaice in hawa ya kai kashi 10 cikin 100, wato kowane mita 100 ka tashi mita 10, akan tsakuwa taya zata fara juyawa a banza. Sai dai a zuba kwalta ko kankare a wannan yankin, ko a kawo wani kan motar da aka loda ma nauyi ya ja ta gaba, wani lokacin wani kuma ya turo ta baya. Abin da na fi tsana shine kwana mai kaifi da hawa mai tsanani a wuri ɗaya, in zai yiwu ka raba su, kwanar ta zama a shimfiɗe, hawan ya zo inda hanya ta miƙe. Kuma magudanar ruwa, don Allah kar a tsuke kuɗi a nan, hanyar da rola ta daddaɓe tayi kyau a rani ruwan sama biyu ya isa ya zaizaye gefenta, tirela mai tan 100 ta taka gefen da ya jiƙa kuwa labari ya sha bamban.

In kana son ganin yadda hanya ke juya aiki gaba ɗaya duba tashar iska ta tafkin Turkana a Kenya. Daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa zuwa wurin kusan kilomita 1,200 ne, sai da aka gyara hanya mai kilomita 208 kafin kaya su iya isa, kuma injinan da aka kafa ƙanana ne, guda 365 na kamfanin Vestas kowanne kilowat 850, fiffikensu bai wuce mita 25 da ɗan kai ba. Ƙananan inji masu yawa sun fi sauƙin isa irin wannan wurin akan manya ƙalilan.

Zaɓen abin ɗauka. Fiffike a babban titi ana ɗora shi akan tirela mai zuƙewa wadda ake ja ta tsawaita, ko kuma a ɗaure gindinsa a kan motar, can baya a tallafe shi da wani keken tayoyi daban, fiffiken da kansa ya zama shine jikin tirelar. Ko wanne ne dai tayoyin baya dole su zama masu juyawa, akwai mutum na musamman da ke sarrafa su da rimot, a kwana yana saukowa ya bi su a ƙafa. Hasumiya kuma ana kama ta baki da baki da wasu maƙalai masu haidurolik da ke iya ɗaga ta ko sauke ta, a ƙarƙashin gada a sauke, a kan tozo a ɗaga. Ɗakin inji sai tirela mai layukan taya da yawa don a raba nauyin, yawancin ƙasashe basa barin layin taya ɗaya ya wuce tan 10 zuwa 12.

Idan kwanonin tsaunin sun fi ƙarfin duk wannan, akwai na'urar da ke kama fiffike ta gindi ta ɗaga shi sama kamar mutum ya saɓa gora, kamfanonin Goldhofer da Scheuerle na Jamus duk suna ƙera ta, tana iya miƙe shi har digiri 60 ta kuma murza shi a kan kansa. Sai kaga an wuce ta tsakanin bishiyoyi da gidaje ba a rushe komai ba. Amma fa tafiyar ƙafa take yi, kuma fiffike a tsaye tamkar filafilan jirgin ruwa ne masu kama iska, gashi ka kawo shi wurin da aka zaɓa musamman don yawan iska, shi yasa ake maƙala ma'aunin iska a jikinsa, in ta wuce iyakar da aka sa sai a kwantar a jira. Zaka kuma buƙaci fili a gindin tsaunin inda za a sauke daga tirelar titi a mayar kan wannan na'ura, da ƙugiyoyin ɗaga kaya guda biyu. Wata dabarar kuma in hanyar zikzak ce, maimakon a juya sai a gina ɗan reshe a kowace kwana, mota ta shige ciki da gaba sannan ta hau zangon gaba da baya da baya. Akwai ma fukafukan da ake kawowa gida biyu a haɗa a sama, kamar na injin Cypress na kamfanin GE, amma wannan shawara ce ta lokacin saye.

Takardun izini ka fara nema da wuri, watanni kafin lokaci, domin hukumar hanya daban, masu gadoji daban, ƴan sandan rakiya daban, kamfanin wuta da zai ɗage waya ko ya kashe layi daban, ga masu filayen da fiffiken zai ratsa ta saman gonarsu, eh har su sai ka nemi yardarsu ko da taya bata taɓa ƙasarsu ba. Sau da yawa da dare za a ba ka damar tafiya a babban titi, amma hawan tsauni da rana ake yinsa ido na ganin ido. Wayar wuta mai ƙarfi kuma ba sai an taɓa ta ba, wuta na iya tsallakowa, don haka tazarar da kamfanin wutar ya faɗa ita ce magana.

Ranar tafiya kowa da oba-oba a tasha ɗaya, mutum ɗaya ne ke ba direba umarni, amma kalmar tsaya kowa na da ikon faɗinta kuma in an faɗa an tsaya kenan ba musu. A duba birki da sarƙoƙi da matashin da fiffiken ke kwance a kai kafin a fara hawa, a tanadi weji a kusa, mota ɗaya kawai a kan hawa a lokaci guda, ta baya ta jira a ƙasa har ta gaba ta kai shimfiɗa. Kar direba ya tsaya canza giya a tsakiyar hawa, ya zaɓi ta ƙarfi tun daga ƙasa ya tafi a hankali.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa, tsarin isowa. Babban kiren da zai ɗaga kayan shi kansa a gutsuttsure yake zuwa cikin manyan motoci masu yawa kuma shi zai riga kowa hawa, filin da zai tsaya sai an gwada ƙarfin ƙasarsa, fandishon kankaren ma ana ba shi wajen kwana 28 ya yi ƙarfi. Kan tsauni babu wurin ajiya, don haka kaya su iso yadda za a haɗa su, gindin hasumiya farko, sauran sassanta, ɗakin inji, cibiya, sannan fukafukai. Kuma tun a ƙasa ka tabbatar ta wane gefe gindin fiffiken zai fuskanta idan ya isa gaban kiren, domin can sama babu inda zaka juya abu mai mita 70. Tirelar dai in ta sauke sai a zuƙe ta ta koma gajera, amma ita ma ka tanadar mata ɗan filin juyawa kafin ta gangaro ɗauko na gaba.