Matakan rage kuɗin jirgin sama zuwa tashar jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Da farko, kada ka biya kuɗin ɗaki a jirgin ruwa sai ka duba farashin tikitin jirgin sama na ranakun nan. Wani lokaci tikitin ne ke cinye rangwamen da ka samu. Saka sanarwar farashi a Google Flights (shafin neman tikitin jirgin sama), ka bibiye ta na 'yan makonni.

Na biyu, duba filin jirgin da ke maƙwabtaka da tashar. In jirgin ruwan daga Miyami zai tashi, gwada Fort Lauderdale: kimanin kilomita 45 ne tsakaninsu, kuma jirgin ƙasa na Tri-Rail yana haɗa su. Amma ka haɗa kuɗin mota da na jirgin ƙasa cikin lissafin tukuna.

Na uku, sauya lokaci. A Bahar Rum, Yuli da Agusta ne tsada ke tashi. Mayu da Oktoba sun fi sauƙi.

Nan mutane ke yawan faɗawa tarko: sayen tikiti biyu daban-daban daga kamfanoni biyu don araha. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinka ya tafi. Kamfanonin araha kuma sukan caji kuɗin akwati daban.

Ka isa garin kwana ɗaya kafin tashi, ko da zai ci maka kuɗin otal, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara. Tikitin dawowa kuwa ya zama na bayan azahar, saboda saukowa daga jirgin ruwan da safe yakan ɗauki sa'o'i.