Babi na Bakwai: Su (Kamun Kifi) a Lokacin Kaka a Gaɓar Tekun Gana

Gaɓar tekun Gana ta kai tsawon kilomita 550, kuma a kanta ne manyan garuruwan masunta suke, irin su Elmina da Sekondi da Tema da Ada da Keta. Hausawan da ke zaune a zangunan waɗannan garuruwa suna da hannu a harkar kifi, wasu suna saye su kai kasuwa, wasu suna banda, wasu kuma suna fita da fatsa ko birgi, wato ragar da ake jefawa da hannu. Wannan babi zai koya muku yadda ruwa yake sauya hali daga Satumba zuwa Nuwamba, wato lokacin da a Arewa ake kira kaka, domin ku san inda ya kamata ku nemi kifi da lokacin da ya kamata ku fita.

Halin teku bayan Satumba

Daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku zuwa sama, har zafin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 25 a ma'aunin Selshiyos. Wannan ruwan yana ɗauke da abincin da ƙananan halittun teku suke rayuwa a kai, su kuma waɗannan halittu su ne abincin ƙaramin kifin nan da ake bandawa, wanda a kasuwannin Gana ake kira amane. Shi ya sa Agusta ya zama watan da kwale-kwale suke dawowa a cike, kifi ya yi araha. Da Satumba ya ƙare, ruwan sanyin sai ya koma ƙasa, teku ya ɗumame, garken amane ya watse ko ya yi nisa da gaɓa. Wanda ya fita a Oktoba da lissafin Agusta, ya sayi mai da yawa yana tsammanin kamu irin na wancan lokaci, bashi zai ciwo. Akwai wani ɗan tasowar ruwan sanyi a wajen Disamba zuwa Janairu, amma gajere ne, bai kai na damina ba.

Duk da haka teku ba ya zama fanko. Igiyar ruwa tana raguwa idan an kwatanta da ta Yuni da Yuli, ruwa yana ƙara haske, kuma wannan yana yi wa masu ƙugiya daɗi, waɗanda ke neman manyan kifayen da ke zama a ƙasa kusa da duwatsu. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne hadari, domin gaɓar tana da ƙaramar damina daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma guguwarta takan taso daga gabas ba tare da dogon gargaɗi ba. Idan kun ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cik, to ku naɗe kaya ku nufi gaɓa tun kafin ta sauka.

Inda kogi ya haɗu da teku

A nan ne amfanin kaka yake, kuma nan ne ya kamata ku fi mai da hankali. Ruwan saman da ya sauka a tudu yana gangarowa da laka da ganye da tsutsotsi, ya zuba su a bakin kogi da tafkunan da ke bayan rairayin gaɓa, kamar tafkin Keta da bakin kogin Bolta a Ada. Ruwan daɗi da ruwan gishiri suna gaurayuwa su zama ruwan zartsi, wanda karfasar tafki da ƙaguwa da jatan lande suke so, su kuma manyan kifayen teku sukan biyo su su yi farauta. Wasu ƙananan tafkuna rairayi ne yake toshe bakinsu a rani, sai ruwa ya cika ya fasa toshiyar, a lokacin ne 'ya'yan kifin teku suke shiga su girma a ciki. Kwanakin da suka biyo bayan fashewar nan kwanaki ne na kamu, amma bakin da ya fashe yana jan ruwa da ƙarfin da zai iya ɗauke babban mutum, saboda haka kada ku tsaya a cikinsa.

Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka yakan kwanta a sama, na gishirin ya kutsa ta ƙarƙashinsa. Wannan yana nufin a wuri ɗaya ana iya kama kifin kogi a sama, a kama na teku a ƙasa, gwargwadon nauyin dalmar da aka ɗaura wa igiya. Idan kun duba fuskar ruwa za ku ga layi inda jan ruwan kogi ya haɗu da kore-koren ruwan teku, sau da yawa kumfa da tarkace suna kwance a kansa. Ku jefa a gefen wannan layi, domin a nan manyan kifi suke tsaron ƙanana.

Wanda ya taso a bakin kogi ko tafki a Arewa bai saba da cika da janyewar teku ba, kuma wannan ilimi shi ne mafi muhimmanci a babin nan. Teku yana cika sau biyu a kwana ɗaya, yana janyewa sau biyu, tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25. Saboda haka lokacin cika yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Idan ruwa ya cika da ƙarfe 6:00 na safiyar Litinin, ranar Talata zai cika wajen 6:50, ranar Laraba wajen 7:40. Kifi ya fi cin ƙugiya lokacin da ruwa yake tafiya, musamman awanni biyu kafin cikar, da kuma sa'adda ya fara janyewa yana fito da ƙananan halittu daga cikin ciyayi. Idan ruwa ya tsaya, kamu yakan tsaya.

Ƙarfin cikar kuma yana bin wata, kuma a nan mai bin kalandar Musulunci ya riga ya sami sauƙi. A kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen ranar 14 zuwa 16, ruwa yana cika sosai ya kuma janye sosai. A wajen ranar 7 da ranar 22 bambancin yakan zama kaɗan. Masu kamun amane a cikin teku sun fi son daren duhu, domin a cikinsa ne ake ganin ƙyallin garken kifi a ruwa, a daren farin wata kuwa da yawansu gyaran koma, wato ragarsu, suke yi a gaɓa.

Ruwan daɗi

Kogin Bolta yana tattaro ruwansa ne daga arewacin Gana da Burkina Faso, saboda haka tafkin Bolta, wanda madatsar Akosombo ta tara, yakan kai ƙarshen cikarsa a wajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta ɗauke a Arewa. Ruwa yana hawa kan ciyawa, karfasa da tarwaɗa da ƙurungu su bi shi su yi kiwo, giwan ruwa kuma ya bi bayansu. A irin wannan wuri gura (tarkon kifi) da mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa) sun fi ragar kalli amfani, domin kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna yaga raga. Da ruwa ya fara komawa, kifi yakan taru a bakin ƙananan rafuka, kamu ya ƙaru.

A ƙasan madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, da ta Kpong, kogin ya daina yin ambaliyar shekara-shekara irin ta da, sai abin da aka sako. Amma idan tafkin ya cika fiye da kima ana buɗe ƙofofi, kamar yadda aka yi a Satumba da Oktoban 2023, lokacin da ruwa ya shiga garin Mepe da wasu garuruwan yankin ya raba dubban mutane da gidajensu. Duk mai su a wannan ɓangare ya riƙa sauraron sanarwar hukumar madatsar a rediyo, ya kuma ɗaure jirginsa a tudu idan an yi gargaɗi. Ciyayin da ke kwance a gefen kogin kuma gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya je asibiti, maganinta yana nan.

Abin da bai kamata ba

Lokacin da kifi ya yi ƙaranci ne wasu suke komawa ga fitila mai ƙarfi don tara kifi da dare, ko su zuba guba, ko su tayar da nakiya, ko su yi amfani da raga mai ƙananan idanu. Dokar Gana ta haramta waɗannan duka. Marubucin wannan littafi yana ganin laifin kwashe 'ya'yan kifi a tafki ya fi kowanne muni a wannan lokaci, domin su ne kifin baɗi, kuma amane ya riga ya ragu ƙwarai a tekun Gana saboda yawan kamu. A garuruwa da yawa ba a fita teku ranar Talata, kuma baƙo ya kamata ya fara gaida sarkin masuntan wurin ya ji ƙa'idodinsu kafin ya jefa ko da ƙugiya ɗaya.

Adana kifi

Iskar kaka a gaɓa tana da danshi, saboda haka shanya ba abin dogaro ba ce sai hunturu ya shigo a Disamba. Ku cire hanji, ku wanke da ruwa mai tsabta, ku sa a inuwa. Idan za ku kai kasuwa ɗanye, kilo ɗaya na kifi yana bukatar kimanin kilo ɗaya na ƙanƙara. Idan banda za a yi, murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙira a unguwar Chorkor ta Akra a 1969, yana da faranti na raga da ake jerawa bisa juna, kuma ya fi murhun ganga tsimin itace.

Aikin gida

Idan teku ya cika da ƙarfe 4:10 na yammacin Alhamis, ku lissafa lokacin da zai cika da yammacin Asabar, sannan ku rubuta lokacin da ya dace ku isa bakin ruwa. Bayan haka ku rubuta jimloli uku a kan dalilin da ya sa ake iya kama kifin kogi da na teku a wuri ɗaya, ku kawo wa malaminku a zama na gaba.